Neman Aiki da Waya a Kumasi: Tambayoyin da Matasan Zango Suka Fi Yi

Sana'ata buga takardu da cike wa mutane fom a intanet, a nan tsakanin Aboabo da Asawase. Da yawa daga masu shigo mini masu neman aiki ne, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, ko yaron da ya gama jarrabawar sakandare ta WASSCE ne ko wadda ta fito daga jami'ar KNUST da digiri a hannu. Ga su nan na tattara, tare da amsar da nake bayarwa. Intanet tana nuna wa mutum inda aiki yake, amma ba ta raba masa na gaskiya da na ƙarya, ba ta kuma shirya masa takardunsa. A kan waɗannan biyun zan fi daɗewa.

Malam, a wane shafi ake samun tallan aiki a Ghana?

Wanda aka fi sani shi ne Jobberman Ghana, sai LinkedIn, sai irin su Jobweb Ghana da sashen ayyuka na BusinessGhana. Gwamnati ma tana da nata. Ma'aikatar Ƙwadago tana da shafin GLMIS inda mai nema da mai ɗauka ke yin rajista, hukumar samar wa matasa aiki ta YEA kuma, wadda dokar 2015 ta kafa, tana da cibiyar ayyuka a intanet. Mai son aikin ƙungiyoyin agaji ya riƙa leƙa ReliefWeb, na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, kuma kyauta ne.

Jiji da Tonaton na kowa da kowa ne. Ana samun aikin tsaron shago, tuƙi, girki da makamantansu, amma duk wanda ya ga dama yana iya sa talla, don haka a can za ka fi buɗe ido.

Yawancin tallan da za ka gani na Accra da Tema ne. Zaɓi yankin Ashanti a wajen tacewa, ka kunna sanarwar imel don sabon talla ya riƙa zuwa maka da kansa, ka huta da ƙona data kullum. Manyan wurare kuwa, irin su KNUST, asibitin Komfo Anokye, bankuna da kamfanin haƙar zinari na Obuasi, suna sa gurabensu a shafinsu na kansu, wani lokaci har a jaridar Daily Graphic. In ka ji a zauren WhatsApp cewa suna ɗaukar ma'aikata, je shafin nasu ka gani da idonka.

Waya kawai gare ni, ba ni da kwamfuta. Za ta isa?

Za ta isa. Da Google Docs kana iya rubuta takarda ka mai da ita PDF a wayar, da Google Drive kuma kana iya ɗaukar hoton satifiket ya fito a miƙe kamar an sa shi a na'ura. Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta. Inda nake ba da shawarar a nemi kwamfuta shi ne ranar cike fom ɗin gwamnati mai shafuka da yawa, saboda wasu shafukan ba sa zama daidai a ƙaramin allo, kuma kuskure ɗaya a ranar haihuwa yana iya jawo a watsar da kai. In ka yi a shagon wani, ko nawa ne, ka fita daga imel ɗinka kafin ka tashi, ka kuma sa a goge takardunka daga kwamfutar.

Waɗanne takardu zan tanada tun kafin talla ya fito?

Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ita ce kan gaba, domin tun Afrilun 2021 lambarta ce lambar harajin mutum, an kuma haɗa ta da lambar SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa. Sai takardar haihuwa, sakamakon BECE da WASSCE, satifiket na babbar makaranta ko na koyon sana'a, takardar kammala hidimar ƙasa ga wanda ya yi jami'a ko kwaleji, hoton fasfo, da adireshin gidanku na GhanaPost GPS. Malamin makaranta ya haɗa da lasisinsa na hukumar malamai ta NTC, direba ya haɗa da lasisin DVLA. Ka ɗauki hoton kowace ɗaya, ka sa mata suna, ka zuba su a jaka ɗaya a Drive.

Yanzu ga matsalar da ta fi cin mutanenmu na Zango: suna. A takardar haihuwa Abdul Rahman, a WASSCE Abdulrahman, a Ghana Card Abdul-Rahaman. Wani Mohammed ne a nan, Muhammad a can. Wata sunan mahaifinta aka rubuta mata a firamare, da ta shiga sakandare aka sa na kawun da ya riƙe ta. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Kwamfutar da ke tantance fom ba ta sani ba, jami'in da ke zaune da takardu dubu a gabansa kuma ba shi da lokacin sauraron tarihin gidanku. Haka ranar haihuwa, musamman ga waɗanda aka rage wa shekaru lokacin rajistar jarrabawa.

Ka baza takardunka yau ɗin nan ka duba su harafi da harafi. In sun saɓa, hanyar gyara ita ce takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa ko kotu, sannan a buga sunan a gazet na gwamnati ta hannun Ghana Publishing Company. Abin yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ba a fara shi ranar da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata.

Yaya ake rubuta CV da za a karanta?

Shafi ɗaya ga wanda bai daɗe da gama makaranta ba, biyu ga wanda ya yi shekaru yana aiki. A sama sunanka, lambar waya mai shiga, imel da garin da kake. Daga nan abin da ka yi, na baya-bayan nan a farko.

Kuskuren da na fi gani shi ne cika takarda da yabon kai: mai ƙwazo ne, mai gaskiya ne, mai haƙuri da jama'a. Kowa haka yake rubutawa, don haka babu wanda ke karantawa. Faɗi aikin da hannunka ya yi. Yarinyar da ta tsare wa Hajiyarta shagon atamfa a Kejetia shekara uku sai ta ce mini ba ta taɓa aiki ba. To wa ke rubuta bashi? Wa ke karɓar kuɗi ta MoMo, wato kuɗin waya, ya lissafa cinikin yini, ya san kayan da suka ƙare? Wannan duka aiki ne, kuma shi mai babban kanti a Adum ko Asokwa yake nema. Wanda ya koyar da yara a makarantar allo ko Islamiyya ya rubuta yawan ɗaliban da shekarun da ya yi. Wanda ya riƙe kuɗin ƙungiyar matasan unguwa ya rubuta.

Manyan kamfanoni da dama suna sa manhaja ta fara tace takardu kafin mutum ya gani, tana neman kalmomin da ke cikin tallan. Saboda haka ka karanta tallan da kyau, in sun ambaci Excel kuma ka iya, kalmar ta fito a takardarka. Ka guji ado mai yawa. Canva tana da zane masu kyau, amma akwatuna da launuka suna rikita irin wannan manhajar. Baƙin rubutu a farar takarda ya fi. Ka aika da PDF, sunan fayil ɗin kuma ya zama sunanka.

Mutanen da za ka sa a matsayin masu shaidarka, ka sanar da su tukuna. Abin kunya ne a kira malaminka ya ce bai tuna ka ba.

Yaya, in rubuta cewa a Zango nake? Hotona da hijabi fa?

Ƙanwata, ba sai kin sa unguwa ba. "Kumasi" ya isa, ba don Zango abin ɓoyewa ba ne, sai don mai ɗaukar aiki gari kawai yake buƙatar sani a wannan matakin. Addini, ƙabila da maganar aure ma ba wurinsu ba ne. Hoto kuwa, in ba su nema ba kada ki sa. In sun nema, ki sa wanda kike da hijabinki, fuska a fili, yadda za ki je musu ranar intabiyu. Babu amfanin su ga wata a takarda su ga wata a ofis.

Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi, Dokar Ƙwadago ta 2003 kuma ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda addini ko jinsi. Wadda aka ce sai ta cire hijabi kafin a saurare ta tana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ. Ba na cewa abin ba ya faruwa. Ina cewa akwai inda ake kai kuka.

Zan iya sa ChatGPT ya rubuta mini wasiƙar neman aiki?

Sa shi ya gyara maka Turanci, ya rage maka tsawon magana, ko ya yi maka tambayoyin gwaji kafin intabiyu. A nan yana da amfani sosai. Amma in ka ce ya rubuta daga farko, zai ba ka wasiƙa mai santsi wadda mutum hamsin suka riga suka aika irinta, wani lokaci ma ya ƙara maka ƙwarewar da ba ka da ita. Ranar intabiyu kai za a tambaya, ba shi ba. Kada kuma ka zuba masa lambar Ghana Card ɗinka.

Imel ɗina na tun ina sakandare ne, sunan wasa ne a kai. Da matsala?

Da matsala. Buɗe sabo da sunanka na takarda, minti biyar ne. Ka riƙa duba shi safe da yamma, har da jakar da saƙonnin banza ke faɗawa, domin gayyatar intabiyu takan ɓuya a can. In za ka aika takarda, rubuta sunan aikin a kan saƙon, ka yi gaisuwa da layi uku na bayani. Kada ka tura fayil tsirara babu ko sallama.

LinkedIn ba na manyan mutane ba ne?

A'a, amma ba kowane aiki ake samu a can ba. Mai neman aikin banki, kamfanin sadarwa, lissafin kuɗi, injiniya, kwamfuta ko ƙungiyoyin agaji ya buɗe, ya sa hoto mai kyau, ya cike makarantu da ayyukansa, ya kunna alamar cewa yana neman aiki. Babban amfaninsa a wurina shi ne gano mutane. Kana iya bincika tsofaffin ɗaliban makarantarku ka ga inda suke aiki yanzu. Ka rubuta wa mutum da ladabi, ka gabatar da kanka, ka yi tambaya ɗaya takamaimai, misali wane irin gwaji ake yi wa sababbin shiga a wurinsu. "Yallaɓai a taimaka mini da aiki" ba ta samun amsa, domin ba ka ba shi abin da zai iya yi a minti biyu ba.

Ta yaya zan gane tallan ƙarya?

Alama ta farko kuɗi. An ce ka yi nasara, saura ka tura kuɗin fom, ko na gwajin lafiya, ko na yunifom, ko na ajiye maka gurbi, zuwa lambar MoMo mai sunan wani mutum. Kamfanin da zai biya ka albashi ba ya fara da karɓar naka. Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumominta sun sha faɗa cewa ba sa karɓar ko kwabo a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata, amma har gobe ana damfarar mutane da tambarinsu.

Ta biyu, an ɗauke ka aikin da ba ka nema ba, ko an ɗauke ka babu intabiyu. Ta uku, albashin ya fi ƙarfin aikin. Ta huɗu, gaggawa: yau ne ƙarshe, mutum biyu suka rage. Suna yin haka ne don kada ka samu sararin tambayar wani.

Ka duba adireshin da kyau. Shafukan hukumomin gwamnati galibi da gov.gh suke ƙarewa. Babban kamfani ba ya aiko da takardar ɗaukar aiki daga Gmail. 'Yan sakawa, wato masu damfara a intanet, sukan canza harafi ɗaya a sunan shafi, su kwafi tambari da launi, ido bai cika kamawa ba sai an natsu. Ka ɗauki sunan kamfanin ka bincika a Google tare da kalmar damfara da Turanci, ka duba ko yana da rajista a Ofishin Magatakardan Kamfanoni, ka nemi lambar wayarsu daga shafinsu na asali, ba wadda ke jikin tallan ba. In sun ce ofishinsu yana Kumasi, hau mota ka je. Ba mai sayen huhun goro bai kwance ganye ya duba ba.

Akwai wasu dabaru biyu da suka yi yawa. Ɗaya, a kira ka a ce za a sa ka a zauren masu intabiyu, ka karanto lambobi shida da suka shigo wayarka. Lambar tabbatar da WhatsApp ɗinka ce, da ka faɗa sun ƙwace shi, su shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun yanzu. Ɗayar kuma, a ce za a turo maka kuɗin mota, sai saƙo ya fito yana neman lambar sirrinka ta MoMo. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Duk inda ka sa ta, fita kuɗi zai yi.

Sai wadda ta fi ba ni takaici, domin da aboki ake yin ta. Tsohon abokin makaranta ya kira ka ya ce ya samo maka aiki a Kasoa, ko Abidjan, ko wani gari, ka zo da kuɗin rajista. Ka isa ka tarar da ɗaki cike da matasa, ana koya musu yadda za su jawo mutum biyu, su ma su jawo biyu. Shi ma abokin haka aka yi masa, kuɗinsa yake son fanshewa da naka.

Wanda abin ya shafa ya kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, ya sanar da kamfanin layinsa nan take, ya kai rahoto ga 'yan sanda. Kada ya goge saƙonnin, su ne shaidarsa.

Ɗana, wani ya ce zai sa yarona a soja ta furotokol, wato ta bayan fage, in na ba da kuɗi. In bayar?

Hajiya, kada ki bayar. Soja, 'yan sanda, shige da fice, kwana-kwana da gidan yari duk suna sanar da ɗaukar ma'aikata a fili, a jaridu da shafukansu, kuma sun sha gargaɗin cewa ba su da ɗan tsakiya. Kuɗin da ake biya shi ne na baucar cike fom, a wurin da sanarwar ta ambata, kuma farashinta a rubuce yake. Mai furotokol yakan karɓi kuɗin mutum goma. In yaro ɗaya ya shiga da ƙoƙarinsa, ya ce shi ya sa shi, sauran tara ya ce su jira zagaye na gaba. Ba rasit, ba shaida, kuma ba ki da bakin kai ƙara domin abin da aka biya kuɗin a yi shi ma laifi ne.

Haka yake a aikin koyarwa da na jinya. Sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗauka, sannan hukumar ilimi ta GES ko Ma'aikatar Lafiya su buɗe shafinsu. Kuɗin da za ki ba mai furotokol ɗin, in akwai shi, ki sa a gyara wa yaron takardunsa, in yana da darasin da ya faɗi ya sake zama.

To ejan fa? Na ji akwai masu lasisi.

Akwai. Dokar Ƙwadago ta 2003 ta yarda da kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu, da sharaɗin su zama kamfani mai rajista kuma su karɓi lasisi daga minista. Dokar ta ce in wata uku suka wuce ba su samo maka aiki ba, su mayar maka da rabin abin da ka biya. Ta kuma ce ba za su kai ma'aikaci wata ƙasa ba sai akwai yarjejeniya tsakanin Ghana da ƙasar. Don haka ka nemi ganin lasisi, ka je ofishin Sashen Ƙwadago ka tambaya ko sunansu yana cikin jerin, ka karɓi rasit mai sunan kamfani.

Maganar Saudiyya, Kuwait da Qatar ta fi shafar 'yan'uwanmu mata. A 2017 gwamnati ta dakatar da kai 'yan aikin gida ƙasashen yankin saboda rahotannin cin zarafi. Duk wadda aka yi wa tayin tafiya ta fara zuwa Sashen Ƙwadago ta ji matsayin ƙasar a yau. In ejan ya ce za a bi da ke ta Togo ko wata ƙasa kafin ki hau jirgi, ko ya ce kwantiragin sai kin isa za ki gani, ki tsaya a nan. Mai tunanin Turai kuma, akwai cibiyar Ghana da Tarayyar Turai ta ayyuka da ƙaura a Accra, wadda Jamus ta fara buɗewa a 2017, suna ba da shawara kyauta kan hanyoyin da doka ta yarda da su.

Ni tela ne, ƙanena makanike a Suame Magazine. Wannan duk ya shafe mu?

Ya shafe ku, sai dai ku ba CV ne makaminku ba, hoton aikinku ne. Sauke WhatsApp Business, ka jera ɗinkunanka da farashi, ka sa lokacin buɗe shago. Ɗauki hoto da rana, a bango mai tsabta. Sa shagon a taswirar Google, kyauta ne, domin baƙon da motarsa ta lalace a hanyar Tamale waya zai ɗauka ya nemi makanike mafi kusa. TikTok da Facebook suna kawo ciniki ga mai nuna aiki daga farkonsa zuwa ƙarshe, ba mai rawa a gaban keke ba.

In kana son aiki a kamfani, takarda za su nema. Wanda ya koyi sana'a a hannun maigida yana iya zama jarrabawar gwajin sana'a ta gwamnati ya samu satifiket, ko da bai yi boko mai nisa ba. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin koyon sana'a na ƙasa, da Adwumawura na masu son kafa kasuwanci, wanda a nan Kumasi aka buɗe shi, da shirin koyar da mutum miliyan ɗaya ilimin kwamfuta. Duka ta intanet ake neman shiga. Asusun Raya Zango, da dokar 2017 ta kafa, shi ma ku riƙa bin sanarwarsa.

Hausa da Larabci suna da amfani a neman aiki?

Suna da shi, ka rubuta su. Mai Hausa da Twi da Turanci yana iya magana da kusan duk wanda ya shigo kasuwar Kumasi, kuma masu aikin tallan kaya, cibiyoyin amsa kiran waya, ƙungiyoyin da ke aiki a arewa da masu tattara bayanai gida-gida suna buƙatar irinsa. In akwai Faransanci ko Dagbani, ƙara. Amma ka bambanta ji da rubutawa. Da yawa cikinmu muna jin Hausa, ba mu iya rubuta ta da ƙa'ida ba, aikin fassara kuma rubutu ne. Mai Larabci ya sa ido kan Sashen Ilimin Musulunci na GES da makarantu masu zaman kansu.

An ce intabiyu ta bidiyo za a yi. Me zan shirya?

Tambayi manhajar da za a yi da ita, Zoom ko Google Meet ko Teams, ka sauke ka gwada da wani tun jiya. Cika waya da caji saboda dumso, wato ɗauke wuta, ka sayi data isasshiya, in da hali ka ajiye layi na biyu. Jingina wayar a kan wani abu daidai fuskarka, haske ya zo daga gabanka. Gidan haya mai yawan jama'a ba wurin intabiyu ba ne, nemi ɗakin wani ko ofishin makaranta bayan an tashi. Duba lokacin kiran salla ma, in masallaci yana jikin gidanku. Ka yi shiga cikakkiya, ka karanta abin da kamfanin ke yi, ka tanadi tambaya ɗaya da za ka yi musu.

Na tura takardu sun fi a ƙirga, shiru. Me ke faruwa?

Wani ɓangaren ba laifinka ba ne, masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Amma in takarda ɗaya kake watsa wa kowa, rage yawa ka ƙara kyau: biyar a mako, kowace an gyara ta daidai da tallan. Ka riƙe littafi ka rubuta inda ka tura da ranar, don kada a kira ka ka ce "wane kamfani?" Bayan mako biyu kana iya aika gajeren saƙon tuni sau ɗaya.

Kada kuma waya ta sa ka manta da mutane. Ayyuka da yawa a garin nan ba sa kaiwa intanet, a bakin masallaci, wurin suna da zaman majalisa ake jin su. Ka gaya wa kawunka da maƙwabcinka ainihin aikin da kake nema, ka tura musu CV ɗin a waya don su samu abin miƙawa. Lokacin jira kuma ka koyi abu ɗaya har ka iya. Excel ya fi komai saurin biya, darussansa suna nan birjik a YouTube, Coursera kuma tana da tallafi ga wanda ba zai iya biya ba.

Aikin intanet da ake biya da dala fa?

Akwai na gaske a Upwork da Fiverr, ga mai zane, rubutu, fassara ko haɗa manhaja, amma farkonsa da wuya, kuma kafin ka fara ka tabbatar da hanyar da kuɗin zai iso ka a Ghana. Wanda ake cewa ka danna bidiyo a biya ka, sannan ka zuba kuɗi don a ɗaga darajarka, damfara ce.

An ɗauke ni. Me zan duba kafin in sa hannu?

Barka. Doka ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye sai da kwantiragi a rubuce, don haka ka nemi naka, ka karanta, ka ajiye kwafi. Duba albashin, ka tambaya ko kafin cire haraji ne ko bayansa. Lokacin aiki na ƙa'ida awa 8 ne a yini, 40 a mako. Hutun shekara ba ya gaza ranakun aiki 15, hutun haihuwa kuma mako 12. Mafi ƙarancin ladan yini sidi 18.15 ne a 2024, ya koma 19.97 a Maris 2025, kuma ana sabunta shi, sai ka duba na shekarar da kake ciki. Maganar fita sallar Juma'a a wannan zaman ake yin ta, ba bayan an fara aiki ba.

Fansho kuma, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashinka na asali, maigida ya ƙara kashi 13. Wasu suna cirewa ba sa kaiwa. Bayan wata uku ka duba bayanin asusunka a shafin SSNIT ko ka je ofishinsu da Ghana Card. In ba ka ga komai ba, ka fara yi wa mai kula da ma'aikata magana a rubuce, in bai gyara ba ka sanar da SSNIT. Rikicin albashi ko kora ba bisa ƙa'ida ba kuwa, Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ake kai shi, kuma abin da za su fara tambayarka shi ne takardar ɗaukarka da takardun biyan albashi.